Bitar bayindin na suwici a Linux: abin da injin dubawa ba ya gani

Rautar da ke rataye a bangon shagon intanet a Garwa, ko a ɗakin kwanan ɗalibai a Ngaundere, idan ka kwance ta za ka tarar ƙofofin kebul huɗu ko biyar ɗin nan na baya ba su shiga furosesa kai tsaye. Akwai wani aisi, wato ƙaramin guntun lantarki, a tsakani, shi ne suwici. Furosesa ƙofar Ethernet ɗaya ko biyu gare ta, suwicin ne ke raba ta gida biyar. A aisin MT7621 da ya cika kasuwa, suwicin MT7530 yana cikin kwanso ɗaya da furosesar. A wasu allunan kuma yana zaune daban, irin su QCA8337, RTL8367, KSZ9477 ko dangin 88E6xxx na Marvell.

Matsalar ita ce suwici ba ya gabatar da kansa. Abin da ka soka a USB yakan faɗi sunansa da na kamfaninsa, amma wanda ke kan layin MDIO ko SPI, wayoyin da furosesa ke ba aisi umarni ta kansu, shiru yake yi sai an kira shi. Dole a gaya wa kanel, wato zuciyar Linux, inda yake, adireshinsa, ƙofar da ke haɗe da furosesa, da ƙafar da ke yi masa risat. Ana rubuta wannan a bishiyar na'ura, fayil mai ƙarewa da .dts, sai shirin dtc ya tace shi ya zama .dtb, U-Boot, shirin da ke tada na'ura, ya miƙa wa kanel lokacin tashi. Takardar da ke faɗin abin da ya halatta a rubuta a bishiyar game da wani aisi ita ce masu aikin ke kira bayindin. Na suwici suna Documentation/devicetree/bindings/net/dsa, a tsarin YAML.

DSA kuwa shi ne sashen kanel da ke sarrafa irin waɗannan suwici. Lennert Buytenhek ne ya shigar da shi a 2008 don aisin Marvell. Dabararsa ita ce suwici ya liƙa wa kowane fakiti ƙaramar alama kafin ya tura shi furosesa, alamar ta faɗi ƙofar da ya shigo. Ta Marvell bayit 4 ce ko 8, ta MediaTek 4, ta Qualcomm 2, ta Microchip kuma a wutsiyar fakiti take. Da haka kowace ƙofa ke fitowa a Linux da sunanta, lan1, lan2, wan. OpenWrt, Linux ɗin da ake ɗora wa rautoci, ya fara komawa DSA daga tsohuwar hanyarsa ta swconfig a fitowar 21.02, kuma daga nan ne masu ɗora famwaya a rautoci a Marwa da Njamena suka fara cin karo da waɗannan fayiloli ko ba su so.

Me ya sa ake tsananta bitarsa

Direba, wato lambar kanel da ke tafiyar da aisi, ana iya gyara shi gobe. Bayindin kuwa magana ce, zarar bunu. Da zarar ya shiga kanel, kamfani zai iya ƙona .dtb a cikin filashin na'ura dubu, ya sayar, kuma ana sa ran kanel na shekaru biyar masu zuwa ya tashi da wannan tsohon fayil ba tare da an taɓa shi ba. Ba Linux kaɗai ke karanta shi ba ma, U-Boot da FreeBSD suna amfani da bishiyoyin nan. Shi ya sa ake neman sabon bayindin ya fito da lasisi biyu, GPL-2.0-only ko BSD-2-Clause, don wanda ba ya ƙarƙashin GPL ya iya ɗauka.

Saboda haka tambayar da mai bita ke yi wa kowane layi guda ce: wannan abin yana nan a kan allo, za a iya nuna shi da yatsa a zanen wayoyi ko a takardar bayanan aisi, ko kuwa son ran direba ne? Adireshin MDIO yana nan, rizistoci ne suka saita shi. Layin ƙararrawa, wanda aisi ke jan hankalin furosesa da shi, yana nan, waya ce ta jan ƙarfe. Lambar VLAN ba ta nan. Wace ƙofa za a haɗa da wace a gada, girman layin jira, kunna saƙonnin gano matsala, duk shawara ce ta mai amfani, wurinsu umarni irin su ip da bridge. Faci, wato gyaran da ake aika wa kanel, idan ya zo da sifa irin wannan, a mayar da shi. Haka wanda kanunsa ya ce takardar ta "direban kaza" ce: kalmar direba ba ta da gurbi a bayindin, kuma ganinta yakan nuna marubucin daga lambar C ya kwafo sifofinsa.

Aikin inji, a sallame shi da wuri

Kafin mutum ya ɓata idonsa, inji ya fara. A sa dtschema da yamllint ta pip, sannan a gudanar da make dt_binding_check tare da DT_SCHEMA_FILES yana nuna fayil ɗin. Wannan zai duba tsarin YAML, ya tace misalin da ke ƙarshen takardar, ya gwada shi da sharuɗɗan. Idan akwai allon da ke amfani da aisin, make dtbs_check zai gwada ainihin bishiyarsa. Sai checkpatch.pl. Tsohon dtschema yakan bar kuskure ya wuce, a sabunta shi tukuna.

Ƙananan abubuwan da ake kamawa da kallo ɗaya: sunan fayil ya bi compatible, sifar da ke ɗauke da sunan aisi, layin $id ya dace da inda fayil ɗin yake, sunan kamfani ya kasance a vendor-prefixes.yaml, bayindin ya zo a facinsa daban kuma gaban facin direba, kanun facin ya fara da dt-bindings: net: dsa:. Tazarar YAML biyu ce, ta misalin bishiya huɗu.

Guda ɗaya a nan ta cancanci a tsaya mata. Takardar da ta jawo dsa.yaml, wato sharuɗɗan gama-gari na DSA, ta $ref, da unevaluatedProperties: false ake rufe ta. Idan aka sa additionalProperties: false, duk sifar da aka gado daga can za a ƙi ta sai an sake lissafa ta. Idan kuma ba a rufe ba sam, a babban reshe ko a ƙananan rassa irin mdio, to kowane kuskuren rubutu zai wuce lafiya. Mutum ya rubuta reset-gpois maimakon reset-gpios, inji ya ce komai daidai, suwici kuma ba a taɓa yi masa risat ba.

Inji siffa yake dubawa. Bai san ko abin da aka rubuta gaskiya ne ba. Daga nan sai da zanen allo da takardar aisi a buɗe.

Sunan aisi

Sifar compatible ita ce ke haɗa reshe da direba, kuma ita ce mafi wuyar janyewa. A rubuta ainihin lambar aisi, babu x-x na jam'i. Dalili: kamfani zai fito da sabon aisi gobe wanda lambarsa ta faɗa cikin wannan jam'in amma rajistocinsa daban, sai a rasa yadda za a bambance su.

Ana yarda da suna biyu, na aisin da kuma na yayansa a matsayin madogara, amma da sharaɗi: tsohon direban da bai san komai ba sai yayan ya iya tafiyar da ƙanen ba tare da ɓarna ba, ko da bai yi amfani da duk abin da yake da shi ba. Mai bita ya buɗe facin direba ya gani. Idan teburin direba ya ba kowannensu tsarin rajista daban, madogarar ƙarya ce. Idan kuma aisi shida duk suna nuna bayani ɗaya, to ana tambaya me ya hana su raba madogara.

Marvell ya fita daban, kuma masu kwaikwayo kan yi kuskure da shi. Aisinsa da yawa suna amfani da marvell,mv88e6085 ko marvell,mv88e6190 alhali ba su ne ba. Hakan ya yiwu ne don aisin na da rajistar da ke faɗin lambarsa, sunan kawai yana gaya wa direba inda zai je ya karanta. Wanda aisinsa ba shi da irin wannan rajista ba shi da wannan uzuri.

Idan takarda ɗaya ta ɗauki aisi da yawa, a bayyana kowace sifa sau ɗaya a sama, sannan a taƙaita da if da then. Aisi mai ƙofa biyar kada a bari bishiyarsa ta ambaci ƙofa ta bakwai.

Ƙofofi

Sunan reshe na gama-gari ne, ethernet-switch, cikinsa ethernet-ports, cikinsa ethernet-port@0 da sauransu. Tsofaffin sunaye ports da port suna aiki, amma sabon bayindin ya ɗauki sababbin. Lambar bayan @ ta dace da reg, a lissafin heksa babu 0x: suwicin da ke adireshi 31 shi ne @1f, ƙofa ta 10 ta 88E6390 ita ce @a. Lambar ƙofa kuma ta aisi ce, ba wadda aka buga a jikin kwali ba. Sau da yawa mai zanen allo yakan juya jerin don wayoyi su tafi miƙe, sai ƙofa 4 ta aisi ta zama LAN1 a waje. Abin da label ke gyarawa ke nan, kuma shi ya sa aka yi haƙuri da ita duk da ta yi kama da zaɓin mai amfani: tana nuna rubutun da ke jikin na'urar.

Ƙofar da ke fuskantar furosesa ana gane ta da sifar ethernet:

```
ethernet-port@6 {
    reg = <6>;
    ethernet = <&gmac0>;
    phy-mode = "rgmii-id";
    rx-internal-delay-ps = <2000>;
    tx-internal-delay-ps = <2000>;

    fixed-link {
        speed = <1000>;
        full-duplex;
    };
};
```

Ba ta buƙatar label = "cpu", kanel ba ya amfani da shi. Tun 2022 dsa-port.yaml ya wajabta wa wannan ƙofa phy-mode, tare da ɗaya daga fixed-link, phy-handle ko managed. A da direbobi kan yi hasashen gudu mafi girma, wanda ke nufin allon da aka haɗa daban ba shi da hanyar faɗin gaskiyarsa. Bayindin da misalinsa ya bar waɗannan bai shirya ba. A kuma duba reshen gmac0 ɗin kansa, wato ƙofar Ethernet ta furosesa: shi ma yana buƙatar nasa fixed-link mai gudu iri ɗaya. Idan gefe ɗaya ya ce 1000 ɗayan ya ce 100, duka biyun za su nuna layi a kunne, fakiti ko ɗaya ba zai wuce ba.

Aisin da ke da PHY a cikinsa, wato sashen da ke aika sigina a kan kebul, yana samun reshen mdio, mai jawo mdio.yaml, kowace ƙofa ta nuna nata da phy-handle. Kada a ɗauka lambar ƙofa ita ce adireshin PHY. A QCA8337 ƙofa 1 tana kan PHY 0, haka har sama. Wanda ya kwafo daga wani aisi sai ya ga an soka kebul a lan2, Linux ya ce lan1 ce ta tashi. Idan suwici biyu ne a jere, dsa,member ke faɗin bishiya da matsayi, link kuma ke nuna ƙofar da ke kaiwa ga ɗayan. Ita kuwa dsa-tag-protocol an yarda da ita ne don wasu furosesa ba sa jure wata alama, misali mai lissafin ceksam ɗinsu ya ruɗe da ita. Wanda ya sa ta a tambaye shi wane lahani na allo yake kaucewa.

Jinkirin RGMII

A nan mafi yawan alluna ke faɗuwa, kuma inji ba zai taɓa kamawa ba, don kowace cikin ƙimomin RGMII huɗu na phy-mode halal ce a wurinsa.

RGMII, hanyar da aisi biyu ke musayar fakitin Ethernet a kan allo, na da waya huɗu ta bayanai a kowace fuska, da agogo mai bugun megahaz 125 a gudun gigabit. Bugu ɗaya nanosakan 8 ne, ana kuma aika bayani a hawa da sauka, wato kowane bit yana zama nanosakan 4 kacal. Mai aikawa yana sakin agogo da bayanai lokaci ɗaya. Idan mai karɓa ya karanta a daidai gefen agogon, zai karanta ne lokacin da bayanin ke sauyawa. Sai a jinkirta agogo da kusan nanosakan 2, karatu ya faɗo tsakiya. Wurare uku ke iya yin wannan: wayar allo, PHY, ko MAC, wato sashen Ethernet da ke cikin furosesa ko suwici. Dole a yi shi sau ɗaya tak a kowace fuska.

Sifar phy-mode allo take siffantawa. "rgmii" na nufin allon da kansa ya yi jinkirin da dogayen wayoyin agogo. "rgmii-id" na nufin allon bai yi ba, sai aisi ya yi a fuska biyun, kuma al'adar Linux ita ce a bar wa PHY. "rgmii-rxid" da "rgmii-txid" rabi-rabi ne. To a allon da aka saba, na FR4, sigina na tafiyar kusan santimita 15 a nanosakan ɗaya. Jinkirin nanosakan 2 na buƙatar ƙarin waya wajen santimita 30, a naɗe kamar maciji, abin da ido zai gani a kan allo. Ƙananan rautoci da wuya su yi haka. Don haka duk inda aka ga "rgmii" a ƙofar da ke da PHY, a fara da zargi. Yawanci an kwafo shi ne daga kanel ɗin kamfani, inda direban MAC ke kunna jinkiri a ɓoye, ko kuma rizista ta kunna shi a PHY kuma babu wanda ya kashe.

Tsakanin furosesa da suwici babu PHY, MAC ne ke fuskantar MAC, babu wanda za a bar wa aikin kai tsaye. Shi ya sa misalin da ke sama ya faɗi adadin a fili, fikosakan 2000 kowace fuska a gefen suwici. Sabon bayindin ya yi amfani da waɗannan sifofi biyu na kowa, ya kuma faɗi ƙimomin da aisin ke iyawa, da abin da ke faruwa idan ba a rubuta ba. Kada a yarda da sifar kamfani mai ɗaukar ɗanyen lambar rajista, irin 0 zuwa 7 da ba a san awonsu ba. Sai a leƙa gefen furosesa a tabbatar bai ƙara nasa ba. Biyu da biyu huɗu ne, karatu ya sake faɗawa kan gefen sauyi, kamar ba a yi komai ba.

Alamar cutar ba ta ɓuya ga wanda ya san ta. Layi ya tashi, ping ƙarami wani lokaci ya wuce, babban fayil ya maƙale, ethtool -S ya nuna kurakuran CRC suna hawa. A gudun megabit 100 agogo megahaz 25 ne, bugu nanosakan 40, sarari ya wadata, komai sai ya yi aiki. Don gwada layin furosesa, rage gudun lan1 da ethtool ba ya taɓa shi. Sai an mayar da fixed-link zuwa 100 a gefe biyun an sake tashi. Idan cutar ta tafi, jinkiri ne. Layi lafiyayye yakan ba da wajen megabit 940 a iperf3 idan furosesar na da ƙarfi, kurakurai kuma sifili.

Mafi muni shi ne wanda ke bakin gaɓa. Jinkirin cikin aisi yana motsi da zafi da ƙarfin wuta. Allon da ya ci gwaji a ɗaki mai sanyi, ko da safiyar hunturu, zai iya fara zubar da fakiti da azahar ɗin Afrilu a Kusuri ko Njamena, inda zafin waje kan haura digiri 40, balle cikin akwatin roba a ƙarƙashin kwano. Mai shago zai zargi kamfanin layi, alhali kalma ɗaya ce a bishiya. A ganinmu duk wanda zai amince da phy-mode na allon da za a girka a wannan yanki, ya nemi a gwada shi da zafi, ko da rufe shi a kwali ne na awa ɗaya ana tura masa kaya.

Risat, wuta da ƙararrawa

Ƙafar risat ta yawancin aisi tana aiki ne idan an ja ta ƙasa, don haka reset-gpios na ɗaukar GPIO_ACTIVE_LOW, direba kuma ya rubuta 1 idan yana nufin riƙe aisi a risat, kanel ya juya masa. Kuskuren da aka saba shi ne direba ya rubuta 0 sannan 1 kamar yana taɓa wayar kai tsaye, marubuci ya ga bai yi ba, sai ya juya tutar a bishiya. Kuskure biyu sun kashe juna, allo ya tashi, ƙarya kuma ta shiga yarjejeniya har abada. Mai bita ya karanta layukan direban tare da misalin. Tsawon lokacin risat da jiran bayansa, idan aisi ne ya ƙayyade su, wurinsu direba, tunda compatible ya riga ya faɗi wane aisi ne.

Wasu kan bar reset-gpios gaba ɗaya don "yana tashi ba tare da ita ba". Yana tashi ne idan wuta ta zo tsaf. Inda ake sauyawa tsakanin wutar gari, janareta da batirin sola sau da yawa a yini, wuta kan nutse ta dawo ba tare da ta kai sifili ba. Furosesa ta sake tashi, suwici ya rage a ruɗe. A lokacin risat ne kuma yake karanta rizistocin da ke ba shi adireshi, cikin 0 zuwa 31 na MDIO. Bai samu risat mai kyau ba, sai a neme shi a 31 a rasa, har sai wani ya zare fulogi ya mayar. Idan wayar na nan a allo, a rubuta ta. Haka layukan wuta masu ƙarewa da -supply, da kuma agogon waje: bayindin ya bayyana su tun farko ko da direban yau bai taɓa su ba, don mayar da sifa ta zama tilas daga baya yana karya tsofaffin bishiyoyi.

Ƙararrawa ma haka. Babu ita, kanel na leƙa PHY sau ɗaya a daƙiƙa, aiki na tafiya amma a makare. Suwicin da ke rarraba ƙararrawa ga PHY ɗinsa yana buƙatar interrupt-controller da #interrupt-cells, kuma irin siginar, matakin ƙasa ne ko gefen sauka, daga takardar aisi ake ɗauko ta.

Idan bayindin ya riga ya wanzu ana gyara shi ne, ko ana mayar da tsohon .txt zuwa YAML, a nemi jerin duk abin da ya sauya da dalilinsa. Sunan reshe ma na iya zama alkawari: U-Boot na rautar Turris Mox yana neman rassan suwici da sunayensu, sai aka bar su yadda suke lokacin da aka gyara na sauran allunan Marvell. Sifar da aka daina so ana sa mata deprecated: true, direba ya ci gaba da karanta ta. Gwajin shi ne a tada sabon kanel da tsohon .dtb. Kafin nan a tabbatar wace bishiya kanel ya karɓa da gaske, ta dtc -I fs -O dts /sys/firmware/devicetree/base, don U-Boot kan sauya ta a hanya. Idan ƙofofi ba su fito a ip link ba kuma dmesg bai ce uffan ba, a karanta /sys/kernel/debug/devices_deferred. Galibi suwicin na can yana jiran gmac ɗin da aka manta a status = "disabled".